Lasisin C-55 da gishirin kogin Santa Clara: nazarin lamarin 'yan kwangilar tausasa ruwa a Kalifoniya

A kwarin Santa Clarita, arewa da birnin Los Angeles, ɗan kwangila zai iya riƙe lasisin jihar Kalifoniya mai rai, ya sayo na'urar tausasa ruwa da ta cika sharuɗɗan jiha, ya haɗa bututu yadda ƙa'ida ta ce, amma aikin ya zama karya doka tun bai buɗe bawul ba. Tun watan Maris na 2003 aka hana girka irin na'urar da ke wanke kanta da gishiri a duk gidan da ke zuba ruwan ƙazantarsa a magudanar gari. Daga 2009 kuma, ko tsohuwar da mutum ya daɗe da ita dole ya cire. Sana'ar tana da izini hawa uku: na mai aikin, na na'urar, da na wurin da ruwan gishirin zai faɗa. Na farko kowa ke bi da gudu, na uku kuwa shi ne ya kayar da kasuwar a wannan kwari.

Abin da na'urar ke yi

Ruwa mai tauri shi ne wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, wanda ke barin farin ɓawo kamar alli a gindin butar shayi da cikin hita. Kalsiyam da magniziyam ne ke jawo haka. A Amurka ana auna tauri da giren, wani ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi, a kowane galan, kuma giren 1 a galan daidai yake da miligiram 17.1 a lita. Ruwan da ya haura miligiram 180 a lita, wato giren 10 da rabi, ana sa shi cikin mai tauri ƙwarai. Kada a haɗa tauri da zartsi. Zartsi gishiri ne da harshe ke ji, shi kuwa ruwa mai tauri sau da yawa daɗinsa lafiya lau, bututu da tufafi ne ke shan wahalarsa.

Na'urar tankuna biyu ce. Dogon yana ɗauke da ƙwayoyin rezin, wani irin roba, ƙanana kamar acca, waɗanda aka cika jikinsu da sodiyam. Idan ruwa ya ratsa, rezin ya kama kalsiyam da magniziyam ya saki sodiyam a madadinsu. Kowane giren 1 da aka cire yana ƙara wa ruwan sodiyam kusan miligiram 8 a lita. Ɗaya tankin na gishiri ne. Idan rezin ya ƙoshi, kan bawul ya juya aikin da tsakar dare: ya tura ruwa daga ƙasa zuwa sama don kaɗe datti, ya tsotso ruwan gishiri ya bi da shi a hankali cikin rezin, ya ɗauraye da sauri, sannan ya sake zuba ruwa a tankin gishiri don wanki na gaba. Duk abin da ya fito daga wannan wanki, taurin da aka tara da gishirin da ya kore shi, bututun zubarwa ne ke kai shi magudana. Wato na'urar tana raba gida da tauri ta miƙa wa kogi zartsi.

Lasisin mai aiki

Amurka ba ta da lasisi guda na tarayya a wannan sana'a, kowace jiha da nata. A Texas hukumar kula da muhalli ta jiha, TCEQ, ke bayarwa, aji uku. A Minnesota ma'aikatar ƙwadago da masana'antu ce. Takardun shaidar ƙungiyar masu sana'ar, WQA, suna ƙara wa mutum daraja a idon abokin ciniki, amma ba sa tsayawa a matsayin lasisi.

A Kalifoniya hukumar lasisin 'yan kwangila, CSLB, wadda aka kafa a 1929, ita ke da wuƙa da nama. Ajin tausasa ruwa shi ne C-55, kuma iyakarsa a rubuce take: mai shi yana girka na'urar gyaran ruwa, yana amfani da bututu da mahaɗai gwargwadon abin da ake buƙata don haɗa ta da ruwan gidan, da kuma kewaye sassan da ba a son ruwan da aka gyara ya shiga. Daga nan ba shi da hurumi. Sake bututun gida gaba ɗaya, ɗauke hita zuwa wani wuri, ko jan sabon layin ruwan ƙazanta, aikin falamba ne mai C-36. Jan sabuwar wayar lantarki daga akwatin gida na mai C-10 ne, taɓa rijiyar burtsatse kuma na mai C-57. Doka ta bar 'yar ƙofa ga ƙaramin aikin wani aji wanda babban aikin ba ya kammaluwa sai da shi, amma ƙofar ba ta da faɗi, kuma wanda ya mayar da ita babbar hanya yana neman horo daga hukuma. Mai C-36 yana iya girka na'urar da lasisinsa, shi ya sa kamfanoni da yawa ke riƙe duka biyun.

Mai nema sai ya cika shekara 18, yana da lambar tsaron al'umma ko lambar biyan haraji, kuma ya nuna shekara 4 na aiki a cikin shekara 10 da suka wuce. Ba shekarun riƙe wa maigida sifana ake ƙirgawa ba. Ana nufin aiki a matakin wanda aka yaye, mai iya gama aiki ba tare da an tsaya a kansa ba, ko shugaban ma'aikata, ko mai duba aiki. Karatu ko koyon sana'a na hukuma na iya maye gurbin har shekara 3, amma shekara 1 dole ta zama ta hannu da ƙarfe. Wani da ya ga aikin da idonsa, tsohon ubangida ko abokin aiki ko ɗan kwangila mai lasisi, shi zai sa hannu a takardar shaida. A nan takardu suka fi dawowa. Mai shaida ya rubuta cewa wane ya yi aiki a kamfanin ruwa, bai faɗi cewa ya auna tauri, ya lissafa girman tanki, ya haɗa bawul, ya saita wanki ba. Shekarun da aka yi ana talla ko tuƙa motar kai gishiri ba sa shiga lissafi. Hukumar kuma tana tsamo aƙalla kashi 3 cikin 100 na takardun ta bi diddiginsu, ta nemi takardun albashi da na haraji.

Idan takarda ta wuce, jarrabawa biyu ce a kwamfuta, ba a shiga da littafi: ɗaya kan doka da kasuwanci, ɗaya kan sana'ar kanta, kuma ana da wata 18 a ci su. Gwanayen aiki sun fi tuntuɓe a ta farko, domin tambayoyinta kan kwangila ne da albashi da haƙƙin ma'aikata da riƙe gida saboda bashi, abubuwan da mai sifana bai cika zama ya karanta ba. Bayan haka sai ɗaukar zanen yatsu don binciken laifi, da ƙaramar jarrabawa kan asbestos, wani kayan gini mai cutar da huhu, da ake yi da littafi a buɗe.

Sai takardar lamuni ta dala 25,000, wadda ta tashi daga 15,000 a ranar 1 ga Janairu 2023. Mutane da yawa suna ɗauka kuɗi ne ake ajiyewa, ko kuma inshora ce mai kare ɗan kwangila. Kamfanin lamuni ne ke tsaya masa, shi yana biyan wani kaso a shekara, kuma idan kamfanin ya biya mai gidan da aka cuta, zai dawo ya karɓi kuɗinsa a wurin ɗan kwangilar. Wanda ya yi rajistar kamfani irin LLC, wato mai iyakataccen alhaki, sai ya ƙara lamunin dala 100,000 saboda haƙƙin ma'aikata, da inshorar ɓarna ta aƙalla dala miliyan 1. Mai ma'aikaci ko da guda ɗaya sai ya yi inshorar raunin ma'aikata. Ana sabunta lasisi duk shekara 2.

Kamfani ba ya zana jarrabawa, mutum ne ke zanawa ya ɗora wa kamfanin cancantarsa. Idan wannan mutum ma'aikaci ne, dole ya kasance yana aiki aƙalla awa 32 a mako, ko kashi 80 cikin 100 na lokacin aikin kamfanin, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ya bar aiki, kamfani na da kwana 90 ya kawo wani, in ba haka ba a dakatar da lasisin. Aron suna, inda mai lasisi ke karɓar kuɗin wata bai taɓa leƙa wurin aiki ba, laifi ne a kan su biyun.

Abin da ke sa waɗannan ƙananan takardu su yi nauyi shi ne sashe na 7031 na dokar kasuwanci da sana'o'i ta jihar. Wanda ba shi da lasisi mai rai a duk tsawon aikin ba zai iya kai ƙara ya karɓi kuɗin aikinsa ba, kuma mai gida na iya neman a mayar masa da duk abin da ya biya, ko da aikin ya yi kyau. Lamuni ya mutu ba a lura ba, lasisi ya shiga dakatarwa, aikin da aka yi a wannan tsakanin na iya zama na marar lasisi. Sashe na 7028 kuma ya sa yin kwangila babu lasisi laifi ne mai tarar da ta kai dala 5,000 ko ɗaurin da ya kai wata 6 a karon farko. Rangwamen ƙaramin aiki, wanda ya tashi daga dala 500 zuwa 1,000 a farkon 2025, ba ya ceton kowa a nan: kuɗin kaya da na aiki ake haɗawa, kuma rangwamen bai shafi aikin da ke buƙatar izinin gini ba.

Ciniki a ƙofar gida ma da nasa dokoki. Kafin alƙalami ba ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin aiki ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Kwangila a rubuce, da lambar lasisi a kanta da kuma kan kowace talla. Mai gida na da kwanakin aiki 3 ya janye, 5 idan ya kai shekara 65. Ɗan tallan da ke bi gida-gida sai ya yi tasa rajistar da CSLB. Sana'ar ta daɗe da baƙin jini saboda masu ɗiga magani a kofin ruwan famfo, ya yi gajimare, su ce wa tsohuwa ga guba nan tana sha, alhali kalsiyam ne kawai ya kwanta. Jihar tana da doka ta musamman da ta hana irin wannan ƙarya wajen sayar da na'urorin ruwa.

Sharaɗin na'urar

Sashe na 116785 na dokar lafiya ta jihar ya ce na'urar gida mai zuba ruwan gishiri a magudanar gari dole ta riƙa wanki bisa yawan ruwan da aka yi amfani da shi. Mai agogo, wadda ke wanki duk bayan kwana kaza ko mutanen gidan sun yi tafiya, ba ta halatta. Dole kuma ta cire aƙalla giren 4,000 na tauri da kowace laba 1 ta gishiri, idan an girka ta daga 1 ga Janairu 2002. Daga 2000 zuwa lokacin ma'aunin 3,350 ne. Dokar ta kuma nemi a sa wa gidan kayan rage ɓarnar ruwa a famfuna da shawa da bayan gida, a kuma bar famfunan waje na ban ruwa a kan ruwan da ba a tausasa ba. Mai C-55 ko C-36 ne ke cike takardar shaidar cewa an yi haka, a ajiye ta a ofishin da ke ba da izinin aikin famfo. Sa hannun nan yana ɗaure lasisinsa da saitin bawul.

Saitin kuwa shi ne inda ake zamba, ko kuskure. A ɗauki tanki mai rezin ƙafa 1.5 na kubik, kimanin lita 42. A kasuwa ana kiransa mai giren 48,000, amma ba ya kaiwa kusa da haka sai an ba shi gishiri laba 15 ko fiye a kowace ƙafa, wato sama da laba 22 a wanki ɗaya, abin da ke ba da giren 2,000 da 'yan kai a laba. Rabin abin da doka ta nema ke nan. Don a kai 4,000 sai a rage gishirin zuwa wajen laba 4 a ƙafa, laba 6 a wanki, ƙarfin tankin ya sauko kusan giren 24,000. Galan 1 na ruwa yana narkar da gishiri kusan laba 3, saboda haka galan 2 ake so ya koma tankin gishiri. Idan mashigar tana ba da rabin galan a minti, minti 4 ke nan. Mai girkawa ya bar saitin masana'anta na minti 10 ko 12 don kada a kira shi da ƙorafin ruwa ya dawo da tauri, na'urar da ta ci gwajin NSF/ANSI 44, ma'aunin ingancin na'urorin tausasa ruwa, ta koma mai cin gishiri fiye da ninki biyu a kowane wanki, takardar da ya sa wa hannu kuma ta zama ƙarya.

Ana auna ruwa kafin a zaɓi tanki. Ƙarfen da ya narke a ruwan rijiya yana cin ƙarfin rezin, don haka ake ƙara giren 3 zuwa 5 a lissafi kan kowane miligiram 1 a lita. Kulorin na ruwan gari yana ruɓar da ƙwayoyin su zama kamar kunu, matsin ruwan gida ya faɗi. Maganinsa matatar gawayi a gaba, ko rezin mai ɗauri kashi 10 maimakon 8, wanda ya fi jure kulorin. Matsin da ya wuce psi 80, wato laba 80 a kan kowane inci murabba'i, yana buƙatar bawul mai rage shi. Idan bututun gidan na ƙarfe ne ko tagulla aka yanke aka sa kan bawul na roba a tsakani, sai a ɗaura waya ta tsallake, domin a gidaje da yawa layin ruwa yana cikin hanyar da ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa.

Abin da mai duba aiki ke fara kallo shi ne bakin bututun zubarwa. Ba a cusa shi cikin bututun ƙazanta. Ana barin tazarar iska tsakaninsu, ninki 2 na faɗin bututun, kuma kada ta gaza inci 1. Dalili: na'urar tana haɗe da ruwan sha ta gefe guda. Idan magudana ta toshe ta cika, aka kuma ɗauke ruwa a titi a daidai lokacin wanki, tsotson da zai biyo baya na iya jawo najasa ta cikin tanki zuwa famfon kicin, har zuwa layin maƙwabta. Wannan hatsari ne ya sa tun asali aka ce aikin sai mai lasisi. Duk abin da ruwan sha zai taɓa kuma sai ya cika ƙa'idar dalma, kada ta wuce kashi 0.25 cikin 100 a matsakaici. Na'urar da ake tallata da cewa tana cire abin da ke cutar da lafiya, kamar dalma ko asenik ko naitiret, sai wata hukumar gwaji mai zaman kanta ta tabbatar, sannan a yi mata rajista da hukumar albarkatun ruwa ta jiha.

Inda gishirin ke zuwa

Ruwan ƙazantar kwarin yana zuwa matatu biyu, ta Saugus da ta Valencia, su tace su zuba a kogin Santa Clara. Kogin na gangarawa yamma ta gundumar Ventura zuwa tekun Fasifik, yana ratsa gonakin fiya da sitiroberi, amfanin da ba ya jure kuloraid, ɗaya daga cikin sinadarai biyu da suka haɗu suka yi gishiri. Ganyen fiya kan ƙone daga baki idan ya yi yawa a ruwan ban ruwa. Hukumar ingancin ruwa ta yankin Los Angeles ta sa iyakar miligiram 100 a lita a wannan sashe na kogin. Ma'aunin ruwan sha na tarayya, wanda saboda ɗanɗano aka sa shi, 250 ne. Wato ruwan da mutum zai sha lafiya ya fi ƙarfin itacen fiya.

Matatar ruwan ƙazanta ta yau da kullum tana cire datti da ƙwayoyin cuta, amma kuloraid yadda ya shiga haka yake fita. Lissafin gida ɗaya ya isa ya nuna girman abin. A ɗauki misalin gida mai mutum 4, kowa galan 75 a rana, jimla galan 300, lita 1,136, ruwan kuma mai giren 15. Taurin da za a cire a rana giren 4,500 ne. Na'urar da ta cika doka za ta ci gishiri giram 510 a rana, kilo 15 a wata. Kashi 61 cikin 100 na gishiri kuloraid ne, wato giram 310, kuma idan aka raba shi a ruwan da gidan ya zubar, ƙarin miligiram 270 ne a lita. Tsohuwa mai agogo ko wadda aka saita da son rai za ta ba da 540. Ko gida 1 cikin 10 ne ke da mai kyan, ya ɗora wa ruwan unguwar kusan miligiram 27, a kan iyakar 100 da ruwan famfon kansa ya riga ya cinye kaso mai yawa daga cikinta, musamman a shekarun fari.

Gyaran saiti ba zai warware wannan ba. Ko rezin bai ɓarnatar da ƙwayar gishiri ɗaya ba, iyakar abin da laba 1 za ta cire giren 6,000 ne, kuma a misalin nan ƙarin zai tsaya a kan miligiram 180. Sodiyam ne kaɗai rezin ke buƙata, kuloraid rakiya ya yi, kuma dukkansa magudana zai tafi. Masu komawa gishirin fotasiyam an gudu ne ba a tsira ba: kason kuloraid a cikinsa kashi 48 ne, amma ana buƙatar ƙarin nauyinsa kusan kashi 28 don aiki iri ɗaya, sai lissafi ya koma inda ya tashi. Shi ya sa dokar kwarin ta haɗa su biyun.

Hanin bai zo cikin sauƙi ba, domin a shekarun 1990 kotunan jihar sun ce ƙananan hukumomi ba su da ikon hana abin da dokar jiha ta yarda da shi. Sai da majalisa ta yi dokar SB 1006 a 1999, wadda ta ɗaga ma'aunin gishiri ta kuma ba ƙananan hukumomi damar taƙaita girkawa daga 2003 bisa sharuɗɗa. Hukumar tsabtace ruwan kwarin ta yi amfani da damar nan take. Amma hana sabuwa bai taɓa dubban da ke cikin gareji ba. A 2006 dokar SB 475 ta ba kwarin ikon tilasta cirewa, da sharaɗin a biya masu su diyya kuma jama'a su amince. A Nuwamba 2008 suka amince a ƙuri'ar raba gardama mai suna Measure S, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2009, aka ba da wa'adi zuwa ƙarshen Yuni. Wanda aka samu da ita bayan haka yana fuskantar tarar da ta kai dala 1,000. A 2009 ɗin dai gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa hannu a AB 1366, wadda ta buɗe irin wannan hanya ga wasu yankunan jihar masu fama da gishiri.

A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya game da tsarin lasisin. Jarrabawar C-55 tana tabbatar da cewa mutum ba zai gurɓata ruwan gidan da yake aiki ba, ba kuma zai gudu da kuɗin mai gida ba. Ba ta da abin cewa game da manomin da ke can ƙasan kogi. Katin lasisin iri ɗaya ne daga iyakar Oregon zuwa iyakar Meziko, amma iyakar hukumar magudana ba ta bin iyakar birni ko lambar gidan waya. Gida biyu a hanya ɗaya, ɗaya na kan magudanar hukumar, ɗaya na da ramin sokawe, hanin ya hau kan na farko ya bar na biyu. Saboda haka tambayar farko kafin a ba da farashi ita ce ina ruwan ƙazantar wannan adireshi yake zuwa, kuma wace hukuma ce ke karɓarsa. Bayan ita sai izinin aikin famfo na birni ko gunduma, sannan zaɓen na'ura.

Aikin da ya rage

Mai C-55 bai rasa abin yi a kwarin ba, aikin ne ya canja kama. Na farko shi ne tankin musanya: tanki mai rezin kaɗai, babu gishiri babu bututun zubarwa babu lantarki, wanda mota ke zuwa ta ɗauke ta ajiye sabo bisa jadawali, a je a wanke tsohon a masana'antar da ke da izinin zubar da ruwan gishiri a wani wuri. Lissafin jadawalin shi ne dukan sana'ar. Tankin da ke ɗaukar giren 45,000 zai yi wa gidan misalinmu kwana 10, idan baƙi suka zo kuma ya ƙare kafin ranar mota, ba shi da hanyar farfaɗo da kansa.

Na biyu na'urorin hana ɓawo marasa gishiri, masu sa kalsiyam ya dunƙule ya zama ƙananan ƙwayoyi da ba sa manne wa bututu. Ba sa cire tauri. A auna ruwan kafin da bayan, giren 15 ne duka biyun, sabulu ma ba zai ƙara kumfa ba. Wanda ya rubuta tausasa ruwa a kwangilar irin wannan ya buɗe wa kansa ƙofar ƙara a CSLB. Abin rubutawa shi ne rage ɓawo. Suna kuma lalacewa da wuri idan ruwan na da ƙarfe ko manganis, ko aka sa su bayan sabon bututun tagulla. Na uku ƙaramar matatar RO, mai matsa ruwa ta cikin siririyar fata da ke tare gishiri da datti, ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ruwan sha, wadda ba ta ƙara gishiri daga waje, ko da yake ita ma bututun zubarwarta na buƙatar tazarar iska.

Sai cire tsohuwar na'ura, wanda ya fi yadda ake zato buƙatar kula. A juya bawul ɗin kewaye, a cire filogi, a sauke matsin tankin kafin a kwance mahaɗai. A haɗe bakunan biyu da bututu mai faɗin na asali, domin barin bawul ɗin roba na tsohuwar na'urar a matsayin mahaɗi na dindindin yana rage ruwa kuma yana yoyo bayan 'yan shekaru. A toshe mazubar da aka daina amfani da ita, don tarkon ruwanta zai bushe warin magudana ya shigo gareji. A tabbatar wayar tsallaken lantarki tana nan. Gishirin da ya rage a kwashe shi a buhu. Juye tankin gishiri a magudana daidai yake da yin wanki goma a lokaci ɗaya, zuba shi a kwatar titi kuma kai tsaye kogi zai tafi. A kuma gaya wa mai gida cewa hitarsa za ta fara tara ɓawo, ya riƙa zubar da ruwan gindinta aƙalla sau ɗaya a shekara.

An cire dubban na'urori, kuloraid ya sauka, amma tsugune ba ta ƙare ba, domin bai sauka ƙasa da 100 a kowane lokaci ba. Ruwan da ake kawowa kwarin yana zuwa da nasa, sabulai da abinci da fitsari suna ƙarawa, kulorin da matatun ke kashe ƙwayoyin cuta da shi ma yana barin nasa. Daga baya hukumar ta koma kashe ƙwayoyin cuta da hasken UV, wanda ido ba ya gani, a matatun biyu, ta kuma gina babbar matatar RO a Valencia don tsame gishiri daga wani kaso na ruwan, masu biyan kuɗin magudana suka ɗauki nauyi. Shirin farko na tura ragowar ruwan gishirin cikin rijiya mai zurfi ya gamu da adawar mazauna aka janye shi. Abin da aka tsaya a kai shi ne a rage yawansa, a loda a tankokin mota, a kai babbar matatar da ke Carson, kudu da Los Angeles, wadda ke zubarwa a teku.